Ranar da Eshmat Ya Cika wa Amininsa Kofi

Shekara shida mijina Eshmat yana fama da ciwon da muka ɓoye wa kowa a unguwarmu a garin Margilan. Sai ya yi mako biyu bai runtsa ba, yana ta zuba zancen masaƙar siliki da zai gina, sannan ya kwanta wata guda fuskarsa na kallon bango, ko burodi ba ya gutsura. Mun bi malamai, mun yanka rago, na yi hayaƙi har labulayena suka canza kala. Sai bara wata likita a birnin Fargana ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne sananne, kuma yana da magani. Ƙwayar ta dawo mini da mijina, amma ta bar shi da rawar hannu.

Wata Juma'a amininsa Kudrat ya zo hira, kamar yadda ya saba tun suna samari. Na kawo burodi da inabi da butar koren shayi. A al'adarmu, baƙon da ake so, ɗan kaɗan ake tsiyaya masa, ya shanye a ƙara, ya shanye a ƙara, hira na tafiya. Wanda aka cika wa kofi kuwa, an ce masa ya sha ya kama gabansa ne. Eshmat ya ji tsoron miƙa hannu sau goma a gaban Kudrat, sai ya dire kofin a ƙasa, ya cika shi taf, ya cusa hannayensa ƙarƙashin cinya. Kudrat ya dubi kofin, ya shanye, ya shafa fatiha ya tashi.

Juma'a uku bai leƙo mu ba. Eshmat ya daina fita tsakar gida. Ina ba shukokina ruwa wata safiya na tsinci ƙwayoyi huɗu a gindin rumman, sun fara narkewa. Na san abin da ke biyo bayan barin maganin, ni ce mai kwana a zaune. Na kai masa su a tafin hannu. Bai musa ba. Ya ce zai daina sha har hannun ya tsaya, sannan ya je ya ba Kudrat haƙuri kamar mutum. Na ce ya gaya masa gaskiya kawai. Ya ce gara ya mutu da a kira shi mahaukaci a gidan shayi.

To ni ban yi alkawarin mutuwa tare da kowa ba. Na yafa mayafina na nufi kasuwa, inda Kudrat ke sayar da kankana. Ya gan ni ya ɗaure fuska, yana ta bubbuga kankana kamar mai neman wata ɓatacciya. Na fayyace masa komai, tun daga kallon bango har ƙwayoyin gindin rumman. Na san na fasa sirrin mijina.

Ya daina bubbuga kankanar.

"Wato ba korata aka yi ba?" in ji shi. "Ƙanwata, mako uku ina lissafa laifuffukana. Har na ɗauka don na ce shinkafarki ta yi gishiri ne."

"Ta yi gishirin, Yaya Kudrat. Kai dai ka zo."

Ya bar wa maƙwabcinsa rumfar ya biyo ni. Da muka shiga ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya zauna a gaban Eshmat ya ce, "Kai tsohon banza, miƙo hannun in gani."

Eshmat ya watso mini wani kallo da ban taɓa gani ba. Amma ya miƙa. Kudrat ya riƙe hannun yana rawa a cikin nasa.

"Wannan ne abin ɓoyon? Nawa ya fi haka rawa in surukata ta yi sallama. Shekara shida kana wannan wahala, ni ina gefenka ina ba ka labarin kankana." Ya juyo ya dube ni. "Ina maganin yau? Ba na tashi sai na ga ya wuce maƙogwaro."

Na kawo ƙwayar da ruwa. Eshmat ya karɓa, ruwan na fallatsa a rigarsa, ya haɗiye a gaban mutum, abin da bai taɓa yi ba ko a gaban 'ya'yanmu.

Fushin da ya yi da ni ya kai kwana biyu, kuma ban damu ba. A ranar dai na koma kicin, na zauna a ƙasa kusa da buhun albasa na yi kuka sosai, ina jin su daga ɗaki suna gardamar wanda ya fi wani tsufa.