Gidan Ƙarshen Gangara

Duk wanda ya san Duba-gari ya san hancinsa. Lokacin da yake aiki, ana cewa idan ya tsaya a ƙofar gida ya ja numfashi, zai gaya maka ko an rufe masai, ko akwai mushen ɓera a cikin rufi, ko matar gidan ta kwana da wanke-wanke. Da ya yi ritaya ofis ya karɓe hularsa da kakinsa, amma sunan da hancin suka biyo shi gida.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta tsufa tana koyarwa a firamare, ta daɗe da tsanar unguwarsu. Akwai mai walda a dama, akwai injin niƙa a hagu, amma ba ƙarar ce ke damunta ba. Abin da ke ci mata rai shi ne idan aka tambaye ta a taro ina suke zaune, sai ta hau kwatance, a wuce gidan mai, a karya kwana wajen masu faci. Ƙanwarta kuwa sunan unguwarsu kawai take faɗa ta yi shiru, ta bar sunan ya ƙarasa sauran aikin.

Saboda haka suka sayar da tsohon gidan, aka haɗa da abin da ya samu na sallama, aka nemo dillali. Dillalin ya kai su unguwar manya a tsakiyar rani, ya gangara da su wani shimfiɗaɗɗen titi mai itatuwa har ƙarshensa, inda gidan yake.

"Ranka ya daɗe, ba gida za ka saya ba, maƙwabta za ka saya," in ji dillalin. "Na can sama tsohon alƙali ne, shi ne ma ciyaman ɗin unguwa. Kusa da shi babban likita. A nan ko zakara sai ya nemi izini kafin ya yi cara."

"Ni ba na cinikin biri a sama," Duba-gari ya ce, ya zaro tocila daga aljihu.

Gidan ya sha binciken da bai taɓa sha ba. Duba-gari ya hau tankin ruwa ya haska yana neman tsutsa. Ya ja ruwan kowane banɗaki, ya kara kunne a bango yana sauraren inda ruwan ya bi. Ya sa aka ɗaga murfin ramin masai ya leƙa, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Ya rarrafa ƙarƙashin kantar kicin yana neman kashin ɓera, bai samu ba. A gindin katangar baya ya ga wani wuri da aka liƙe da sabon siminti, ya ƙwanƙwasa, ya yaba wa tsohon mai gidan da ya san toshe kafar gafiya. Dokin ƙofar gidan kuwa an ɗaga shi ya kusa kai gwiwa, har sai da Malama ta tattare zani kafin ta tsallaka.

"Wannan fa?" ta tambaya.

"Saboda macizai ne, Hajiya," in ji dillalin. "Kin san unguwa mai itatuwa."

Titin ne kawai Duba-gari bai duba ba, kuma ba mantuwa ya yi ba. A duk shekarun aikinsa, hurumin ofishinsu daga dokin ƙofa ya fara, ya yi ciki. Titi da kwata na ma'aikatar ayyuka ne, kuma ya sha tsallake kwata mai tafasa da ƙazanta ya shiga gida ya ci tarar mutum saboda randa ba murfi. Idonsa ya saba, ba ya buɗewa sai ya tsallaka ƙofa. Ya kashe tocila ya ce gidan ya ci jarrabawa.

Rani ya wuce musu lafiya lau. Malama ta koyi faɗin sunan unguwa ta yi shiru.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da yamma ne, Duba-gari yana zaune a baranda yana jin daɗin ƙamshin ƙasa. Sai ya ji injina suna tashi ɗaya bayan ɗaya, daga saman titi zuwa ƙasa. Ya ɗauka janareto ne, ya waiwaya ya ga fitilar falo a kunne, ba a ɗauke wuta ba. Kafin ya gama mamaki hancinsa ya riga ya ba shi labari. Ya ɗauki lema ya buɗe ƙofa.

Daga ƙarƙashin kowane get wani ƙaton tiyo ya leƙo kamar wutsiyar dabba, yana aman baƙin ruwa mai kauri a cikin kwata. Kwatar ta cika ta tumbatsa, abin ya hau titi, ya haɗu da na maƙwabci, ya kamo gangara. Duk abin da manyan unguwar suka tara a ramukan masansu tun bara, ga shi nan tafe, da kumfarsa, da tsummokaran jarirai, da audugar da ba a ambata. Titin kuma bai da inda ya nufa sai ƙofar Duba-gari.

Abin ya taru a bakin dokin ƙofa ya ɗan yi jim, kamar baƙo mai jiran a amsa sallama, sannan ya tsallako. Ya malale tsakar gida, ya je ya daki katangar baya daidai wurin sabon simintin nan, ya rasa hanya, ya dawo ya kwanta. Silifas ɗin Malama guda ya taso yana yawo a kai.

"Malam, mene ne wannan?" ta ce daga bakin taga, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Macizan ne," ya ce.

Kwana suka yi suna kwasa da bokiti. Duba-gari ya ƙarar da duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke gidan, amma warin ya riga ya shige labule da katifa, har burodin da ke cikin firij sai da ya ɗauka. Malama ta dafa abinci, suka zauna suka dube shi, aka mayar da murfi.

Washegari ya sa manyan kaya ya hau gangara zuwa gidan ciyaman. Titin ya bushe tas, masu gadi sun nannaɗe tiyo sun ɓoye, wani ma yana ba furanni ruwa. Tsohon alƙalin ya karɓe shi a falo mai sanyi da ƙamshin turare, ya saurare shi har ƙarshe ido a lumshe, yadda ya saba sauraren mai ƙarar da ya riga ya san zai kora.

"Ɗan'uwa, kai sabo ne," ya ce. "Ka taɓa ganin motar yashe masai a ƙofar gidan mutum? Ta yini tana gurnani, duk mai wucewa ya san yau cikin gidan wane ake kwashewa. Ina mutunci a nan? Amma idan Allah ya kawo ruwa, kowa ya kunna injinsa, ba wanda zai ce wannan na wane ne."

"Allah gafarta Malam, ni zan iya cewa. Duk a tsakar gidana yake."

"To ai laifin wanda ya sayar maka ne. Gidan nan yana da kafa a katangar baya, tun asali ta nan abin ke wucewa. Mutanen bayan katanga ne suka yi ta tayar masa da hankali har ya toshe, ya ga ba zai iya ba, ya sayar. Ka samo guduma ka buɗe, magana ta ƙare."

"Ya wuce ina?"

Alƙalin ya buɗe ido, ya dube shi da tausayi. "Ƙasa mana. Ruwa ya taɓa hawa sama?"

"Likitan nan fa, shi ma da tiyonsa?"

"Nasa ya fi na kowa kauri. Gidan akwai baƙi."

Duba-gari ya fito yana jin kamar ya wanke kunnensa da sabulu. Maimakon ya koma gida, sai ya zagaya ta babban titi, ya bi wani lungu, don ya ga abin da ke bayan katangarsa. Unguwa ce ta ƙananan gidaje a cikin kwari, rufin kwano duk tsatsa, igiyoyin shanya sun tsallaka daga wannan gida zuwa wancan. Ya gane katangarsa daga fentinta. Daga gindinta wata tsohuwar hanyar ruwa ta gangaro, ta bi ta gaban wata rumfar sayar da abinci, ta wuce dab da rijiyar da mata suka kewaye da bokitai.

"Lale, yallaɓai! Duba-gari da kansa!"

Mai abincin ce, wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa. Bai gane ta ba sai da ta tuna masa cewa ya taɓa kwashe mata tukwane a kasuwa saboda ta bar miya a buɗe.

"Wallahi na zage ka a lokacin, har da iyayenka, Allah ya yafe mini," ta ce tana dariya. "Amma da muka ji wai kai ka sayi gidan can, na ce wa matan nan ku kwantar da hankalinku. Mutumin da ya hana ni barci saboda ƙuda, shi ne zai sako mana kashi a rijiya? Bara waccan kafin a toshe, ba gidan da bai yi jinyar gudawa ba. Zauna a zuba maka, yau a rufe take, duba ka gani."

Ya ce ya ƙoshi. Ya leƙa tukunyar duk da haka, don hali zanen dutse ne, ya ga a rufe take.

A gida ya tarar Malama ta riga ta ji zancen kafar daga matar likita. Ta ajiye guduma a kan teburin falo, kusa da rimot.

"Ba zan buɗe ba," ya ce. "Akwai rijiya a bayan nan."

"Akwai mutane a cikin nan ma. Ƙanwata za ta zo da mijinta ganin gida, a kan me zan shimfiɗa musu darduma? Ko in ce su zo da kwalekwale?"

"Sai mu sayar."

"Wa zai saya da damina? Kuma mu koma ina, wajen masu faci? Malam, kai ka duba gidan nan da tocila, ba ni ba."

Ya kai ƙara tsohon ofishinsu. Wani yaron aikinsa na da, wanda yanzu ke kan kujerarsa, ya ba shi shayi cikin ladabi, ya tuna masa cewa titi da kwata na ma'aikatar ayyuka ne. A ma'aikatar ayyuka aka ce abin da ya fito daga masai na duba-gari ne. Ya dawo ya ƙara wa dokin ƙofa layin bulo, ya jera buhunan yashi.

Ruwa na biyu ya zo ana gobe baƙin Malama za su iso, kuma ya fi na farko. Injinan suka tashi tun kafin ɗigon farko ya gama sauka, don masu gadin unguwar sun fi ma'aikatar hasashen yanayi sanin hadari. Buhunan yashi suka riƙe na ɗan lokaci, sannan suka sallama. Wannan karon abin bai tsaya a tsakar gida ba. Ya hau baranda, ya lallaɓa ƙarƙashin ƙofar falo, ya fara lasar gefen kafet. Malama ta hau kan kujera tsaye, tana riƙe da hoton aurensu da akwatin takardu. Kallonsa kawai take yi, tana kallon gudumar da ke kan teburin.

Duba-gari ya tsaya a cikin abin har idon sawu, da ɗuminsa. Ya ji wani abu mai laushi ya gogi ƙafarsa ya wuce. Ya tuna rijiyar, ya tuna tukunyar da ke rufe. Sai kuma wani tunani ya zo masa a natse, cikin muryar da ya yi shekaru yana rubuta rahoto da ita: aikin duba-gari shi ne tsabtar cikin gida, abin da ke bayan katanga kuwa ba huruminsa ba ne.

Ya ɗauki gudumar.

Simintin bai yi gardama ba, dama ba a yi shi don ya daɗe ba. Kafar ta buɗe, abin ya ja wani dogon numfashi ya fara zurarewa, yana juyi, yana jan silifas da ganyaye. Kafin ruwan sama ya tsagaita tsakar gidan ta bayyana, ruwan ya ƙarasa ɗauraye ta. Malama ta sauko daga kan kujera ta kama neman tsintsiya.

Ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannu da ƙafa, ya saɓa sabulu ya ɗauraye, ya sake saɓawa. Sannan ya ɗauko tocila ya zagaya gidan, ya haska lungu-lungu. Ba abin da zai ci tarar kowa a kai.

Yana gindin katangar baya ya ji hayaniyar mata daga ƙasa, da ƙarar bokitai, da wata murya mai ƙarfi da ya gane.

"Yallaɓai! Duba-gari! Katangarka ta fashe, ka zo ka gani! Yallaɓai, kana ciki?"

Ya kashe tocilar ya tsaya shiru har muryar ta gaji.

Da safe, kafin baƙi su iso, mai gadin ciyaman ya ƙwanƙwasa ƙofa, yana turo baro. A ciki akwai ƙaramin inji da tiyo a nannaɗe.

"Maigida ya ce a gaishe ka, ya ce a ba ka aro kafin ka sayi naka. Wai ramin gidan nan ma ya kusa cika."

Duba-gari ya buɗe baki zai yi magana, Malama ta riga shi daga bayansa.

"Shigo da shi ta baya," ta ce. "Ka bi a hankali, yanzu na goge wurin."