Dankalin da Ya Ƙetare Teku

Gunvor na durƙushe tana kwashe tokar murhu, sai Amund, maƙwabcinsu na gabas, ya turo ƙofa da kafaɗa, takalmansa sun kwaso laka kamar rabin gona.

"Tsaya daga nan!" in ji ta. "Yanzu na share."

"To bari in koma da wasiƙar," ya ce, yana kaɗa ambulan a sama.

Tun daga nesa ta gane rubutun yayanta Torkel. Shekara shida ke nan da ita da mijinta Eilev suka baro Norway suka zo wannan fili na Minnesota, suka yanki ƙasa mai ciyawa suka gina ɗaki da ita. Sau biyu a shekara Torkel ke rubutowa, kuma kullum layi huɗu: wane ya mutu, wance ta haihu, an yi ruwa, a gaida Eilev. Amma yau takardar cike take gaba da baya.

Ta goge hannu ta karanta a tsaye. An sayar da gonar gidansu. Sabon mai gonar ya ce bishiyar tuffar da ke bakin ƙofa ta tsufa, kuma tana tare masa rana. Bishiyar Inna mahaifiyarsu ke nan, wadda marigayiyar ta dasa da hannunta shekarar da aka kawo ta gidan. "Ranar Litinin suka sare ta," in ji wasiƙar. "Ranar Lahadi na riga su, na yanko rassa bakwai, na soke su cikin dankali don kada su bushe, na aiko miki a ƙunshi. Babu sauranta a duniya sai su. A ajiye su cikin sanyi har itatuwa su farka. Ki ba Eilev ya yi musu aure da wata bishiya, ga yadda ake yi na zana."

"Amund, ina ƙunshin?"

"Af! Akwai kuwa. Mai kanti ya ce sai mai shi ta sa hannu. Ya ɗora shi can kan katakon da ke saman murhunsa."

"Saman me?"

"Murhu. Wai don kada sanyi ya lalata shi. Ya ce ya kwana tara."

Gunvor ta saki wata ƙara da ta sa Eilev ya shigo da gudu daga wajen shanu, da cokalin ciyawa a hannu. Kafin ya gama fahimtar zancen ta ɗaura mayafi, tana neman ɗayan takalminta a ƙarƙashin gado.

"Gunvor, zauna mu yi magana," ya ce. "Kowa ya san tuffa ba ta rayuwa a ƙasar nan. Fasto ya dasa ashirin, hunturu ɗaya ya gama da su."

"Fasto ya san Littafi. Ka taɓa ganin ya tona ya duba ta ina suka mutu? Ni na tona. Ta saiwa suka mutu. Bishiyoyin tuffar dajin nan da ke bakin rafi fa, wa ya taɓa lulluɓe su? Saiwarsu nake so, ba 'ya'yansu ba."

"Ƙanƙarar kogi ta fara narkewa."

"Ai Amund ya ƙetaro, kuma ya fi ni nauyi da buhu guda."

"Kai, ni me na yi?" in ji Amund. "Kuma goɗiyata ta gaji."

"Ni ma na gaji tun shekara shida, ban kwanta ba. Miƙo linzami."

Mil goma sha huɗu ne zuwa gari. Da shanu sai yini guda, da goɗiyar Amund kuwa ta isa kafin rana ta karkata, siket ɗinta jiƙe sharkaf har gwiwa saboda ruwan mashigi. Duk hanya lissafi ɗaya take yi: kwana tara a kan wuta. Ko ɗanyen itacen girki ai ya bushe.

Gidan wayar garin wani lungu ne a cikin kantin Mista Pruitt. Ta faɗa ciki ko gaisuwa babu, idonta ya tafi kai tsaye saman murhu. Gwangwanin shayi, fitila, kyanwa tana barci. Babu ƙunshi.

Turancin Gunvor bai wuce na sayen gishiri da kananzir ba, amma ranar ya ishe ta. Ta buga tebur, ta faɗi sunanta, ta nuna katakon. Mista Pruitt ya sosa ƙeya ya dubi matarsa.

"Ni na sa aka fitar da shi," in ji matar, tana toshe hanci da yatsu biyu. "Kwana biyu ya yi a nan, kanti ya ɗauki wari, har masu sayen man shanu suna juyawa. Baiwar Allah, wa ke aiko ruɓaɓɓen dankali daga wata duniya? An ce muku babu dankali a Amurka ne?"

"Ina yake?"

"Bayan kanti. Can na wurga shi."

Bayan kantin yana fuskantar arewa, rana ba ta leƙa shi, ƙanƙara ta taru a jikin bango har ƙugu. Gunvor ta zube ta shiga tono da hannu biyu kamar kare ya ji ƙanshin ƙashi. Ta ci karo da fasasshiyar kwalba, da kan kifi, sannan yatsunta suka taɓa igiya. Ta san ƙullin. Na Torkel ne, mummuna, mai kai uku.

Dankalin ya zama baƙin kunu, warinsa ya sa ta hawaye. Ta zaro rassan ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai fi tsawon fensir ba, ta kankare bayansu da farce. Na fari busasshe. Na biyu busasshe. Na uku ya karye ƙaras a hannunta, na huɗu ma haka. Na biyar kuwa, da farcen ya shiga, sai ga kore shar a ƙarƙashi. Na shida kore. Na bakwai kore.

Ta koma cikin kantin a guje, ta rungume matar Pruitt da hannayen nan masu ruɓaɓɓen dankali, ta sumbace ta a kumatu biyu. Har matar ta mutu ba ta gane abin da ta yi aka gode mata haka ba, ta dai riƙa ba da labarin cewa mutanen Norway ba su da cikakken hankali. Kulawar mijin ce ta kusa kashe rassan, wulaƙancin matar ya cece su.

Mako biyar rassan suka yi binne cikin danshin yashi a ramin ajiyar kayan lambu. Kullum da safe sai Gunvor ta sauka rafi ta duba bishiyoyin tuffar daji, ta dawo ta ce tukuna. Ranar da ta ga idanun rassansu sun kumbura, ta dawo da gudu tana kiran Eilev tun daga gangare.

Suka tafi da wuƙa, da zare, da kakin zuma a ɗan kasko. Eilev ya baje zanen Torkel a kan gwiwarsa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Shi masunci ne ɗan masunci, a garinsu na arewa ko inuwar bishiya sai an yi tafiya.

"Wannan reshe ne ya zana ko kifi?" ya ce.

"Ba ni wuƙar."

"Ya ce ni zan yi."

"Ya ce. Baba ma haka ya ce, wai hannun mace na sa reshe ya ƙi kamawa. Shekara goma yana koya wa Torkel, ni ce mai riƙe musu kasko. Ka zaci rufe ido nake yi?"

Ta zaɓi 'yan matasan bishiyoyi uku, ta fille kansu, ta tsaga kowanne. Ta fere gindin reshen Inna ya yi baki kamar na gizago, ta zura shi a tsagar, ta daidaita har ɓawo ya haɗu da ɓawo. Da aka zo ɗauri kuwa, zaren ya riƙa zame mata.

"Matsa," in ji Eilev. "Yanka naki ne, ƙulli kuwa kada ki ja da mai jirgi."

Ya ɗaure su tamau, ta shafe da kaki.

Zomo ya gwaguye na farko cikin mako guda. Na biyu ya yi baƙi ya bushe a tsaye. Na uku ya yi shiru, bai mutu ba, bai motsa ba, har Amund ya fara tambaya ko za a kira Fasto ya yi masa jana'iza. Eilev da ya ce tuffa ba ta rayuwa, shi ya kewaye shi da ƙaya, shi ne kuma ranar kwana na ashirin da uku ya shigo gida ba hula, yana haki.

"Gunvor! Ajiye kwanon nan! Ya buɗe ido!"

Ta bar ƙullu a buɗe, kaji suka samu rabonsu. A bakin rafi ta durƙusa. Ga shi, ɗan kore kamar kunnen ɓera, mai laushin gashi a bayansa. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta kai wa Eilev duka a kafaɗa ba laifin komai.

Sai da ganyen ya kai tara ta yarda ta tsinki ɗaya. Ta danne shi cikin littafin addu'a ya bushe, ta sa a ambulan.

"Ta yaya zai san ba na daji kika aika masa ba?" in ji Eilev.

"Mutumin da ya faɗo daga kan bishiyar sau uku? Zai sani."

Layi biyu ta rubuta: "Yaya, ɗaya ya kama. Ni na yanka, Eilev ya ɗaure."

Amsa ta iso da kaka, ranar da suke naɗe ɗan reshen da ciyawa da tsohuwar rigar ruwan Eilev saboda hunturu. Torkel ya koma layinsa huɗu. "Ganyen Inna ne. Na nuna wa kowa a bakin coci. Ashe mai riƙe kasko Baba ya koya wa. A gaida Eilev, a ce masa ya koya mini ƙulli."

Bishiyar ta ci wannan hunturu, ta ci na bayansa, tana nan bakin rafi har yau. Gunvor ta rantse duk duniya babu tuffa mai zaƙinta. Tsami gare ta, gaskiya, sai an dafa da sukari. Amma ba a taɓa samun mai ƙarfin halin faɗa mata ba.