Firji Ɗaya, Gida Biyu

Iyayena sun rabu bayan sun gama aurar da mu, kuma kada wanda ya tambaye ni dalili, don har yau haushi nake ji. Taurin kai ne ya haɗu da taurin kai. Ni na raka su kotu ranar rabon kaya.

Gado, kujeru, talabijin, duk alƙali ya raba ba tare da gardama ba. Sai aka zo kan firji. Mama ce ta saye shi da guminta, da shi take yin ƙanƙarar sayarwa, kuma yanzu ba ta da wata hanyar abinci. Amma a cikinsa ake ajiye allurar ciwon sugan Baba, wadda in ta sha zafi ta tashi daga aiki. Shi kuwa tun da ya ajiye tuƙi ba shi da halin sayen wani.

"Ranka ya daɗe, nata ne," in ji Baba. "A ba ta."

Mama ta yi wuf ta miƙe. "A ba ni? Allurar fa, a aljihu za ka zuba ta? Ranka ya daɗe, a bar masa."

"In kin bar min, me za ki ci?"

"Ina ruwanka da cikina? Ba ka sake ni ba?"

"Ke kika ce in sake ki!"

Wallahi kamar in nutse. 'Yan kallo sai ƙunshe dariya suke yi. Alƙali ya cire tabarau ya murza ido, ya ce wadda ta saya ita ke da kaya, abin da za ta yi da shi kuma ba hurumin kotu ba ne.

Na ɗauka za ta bar masa. Ina! Washegari ta sa aka cicciɓi firjin zuwa ɗakin da ta kama a ƙarshen layin gidan Baba. Raina ya ɓaci.

"Haba Mama, so kike ya mutu?"

"Rufe min baki. In na bar masa, wa zai tuna masa da allurar? Ita tana kwance da sanyinta, shi ya yanke jiki ya faɗi."

Tun daga nan kullum safiya Baba ke takowa, ya yi sallama daga waje kamar baƙo. Ta miƙo masa kujera da allura, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, ta ce ba ta yarda ba. Bai taɓa shiga ba, ita ma ba ta taɓa cewa ya shigo ba. Abin yana ba ni dariya, yana kuma sosa min zuciya.

Shekaranjiya Baba ya makara. Na leƙo layin nasu, sai ga Mama tana sauri ta nufi tsohon gidanta, allura a cikin kofin ƙanƙara, takalmi wari da wari. Tana tafe tana zaginsa, tana share hawaye da bakin mayafi.