Futa Mai Tattara

Wata bakwai Ma'aruf bai taka ƙofar gida ba. Duk layinsu a unguwar Ka'akiyya an san dalili, kowa dai yana yi kamar bai sani ba.

Tsohon soja ne, shekara talatin yana cikin kaki. Bai daɗe da ajiye aiki ba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, da ƙarfe a jikinta da sanda a hannu. Hannun hagun kuwa ya ce shi ya gama. Wando ba ya shiga sai wani ya ɗaga masa ƙafa, shi kuma ya rantse ba mai ɗaga masa ƙafa yana da rai. To ranar farko da ya ce zai je masallaci, ya ɗaura futa, zanen nan na maza, da hannu ɗaya. Ya kai har bakin ƙofar masallacin lafiya. Ya sunkuya zai cire takalmi, futa ta riga shi zuwa ƙasa.

Ba wanda ya yi dariya. Yayarsa Safara'u ta ce ai da sun yi da ya fi sauƙi. Kawar da kan da suka yi gaba ɗaya, shi ya mayar da shi ɗaki.

Ita Safara'u tela ce a unguwar Hindawiyya, ta haura saba'in. Ba ta iya karatu ba, ba ta auna da tef, taƙin hannunta ne ma'auninta, kuma amaren da ta ɗinka wa kaya yanzu jikokinsu ake kawo mata. Ita ta goya Ma'aruf, don haka ba ta jin nauyin gemunsa.

Wata Juma'a Nora, 'yar Ma'aruf da ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ta zo mata da wani bidiyo a waya.

"Goggo, shufi, kalli wannan. Mutanen wata ƙasa ce mai sanyi. Kilt suke ce masa."

Safara'u ta matso da wayar har hanci. "Waɗannan maza ne? Gwiwa a waje kamar za su tsallake kwata?"

"Dubi yadda yake ɗaurawa, Goggo."

Ta duba. Mutumin ya zagayo da zanen, ya saƙala ɗamara a ƙugu, shike nan. Bayan duk tattara ce, jere reras, in ya yi tafiya ta buɗe ta rufe. Ta sa aka maimaita mata sau huɗu.

Da suka kai wa Ma'aruf maganar, ko wayar bai karɓa ba.

"Yaya, ni za ki sa wa siket?"

"Wata bakwai kana lulluɓe da zanen gado, ban ji ka ce kai gado ba ne."

"Khalas. A bar maganar."

Ta bari, a baki. Washegari ta sa Nora ta kai ta kasuwar Zahir, ta sayi yadin nan mai dabbare-dabbaren ƙasa da toka, wanda masu fita kwanan sahara ke yin jaka da riguna da shi. Sannan ta ce a sato mata tsofaffin kakin Ma'aruf daga akwati.

Nora ta yi turus. "Goggo, kada fa ya fita da kayan soja a tare shi a hanya."

"Wa ya ce za a gani?"

Ta farke kakin, ta yanka shi siri-siri, ta cusa kowane a cikin tattara. In mutum na tsaye, yadin kasuwa kawai za ka gani. Sai ya buɗe ƙafa launin soja zai leƙo. Tsawo kuwa ta ƙara taƙi guda ƙasan gwiwa, ta ce su can ba su da ruku'u ne shi ya sa.

Maɗaurin ne ya ba ta wuya. Ta ɗaure hannunta na hagu a baya da gyale, tana gwadawa a jikinta. Ɗamara irin ta wayar ta ƙi, sai da hannu biyu. Maɓalli ya ƙi. Ta faɗa kan keken ɗinki sau ɗaya, ta zagi keken. A kwana na uku ta samo dabara: ƙugiya babba a ciki wadda ƙugu ke tokarewa, wata a waje ta ɓangaren dama. A shimfiɗa a gado, a zauna a kai, a jawo, ƙwas, ƙwas. Ta yi ruku'u da shi, ta yi sujada, ta yi tsalle ɗaya da ta yi nadamarsa. Bai motsa ba.

Saura a sa mai shi ya saka. Nan kuma ta san ƙanenta. Tun yana saurayi in mai wanki ya yi wa wandonsa kari biyu sai ya mayar. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, har ta rasu bai yarda ta goge masa kaki ba.

Bayan azahar Safara'u ta iso gidan da ƙunshinta. Ta sa Nora ta kafa teburin guga a falo, daidai tsakanin Ma'aruf da talabijin.

"Dutsen gugana ya mutu," ta ce. "Aron naku zan yi."

"Na ce ba zan sa ba."

"Wa ya ba ka? Labulen kicin zan mayar da shi. Ka yi kallonka."

Ta fara. Tattarar farko ta danne ta a karkace. Ta biyu ta yi mata kari biyu. Ta uku ta hau kan ta biyu. Matar da ta shekara hamsin tana guga, ranar hannunta kamar na mai koyo. Ma'aruf ya kalli talabijin, ya kalli silin, ya yi gyaran murya.

"Wannan ta karkace."

"Kicin bai damu ba."

"Daga sama ake kamawa, a ja, sannan a danne."

"To."

Ta kama daga tsakiya.

"La haula. Yaya, matsa."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya jingina da teburin ya karɓe dutsen. Sai ya tsaya, don guga na son mai riƙe yadi. Safara'u ta sa hannu ta ja masa tattarar ta miƙe. Ya danne. Kari ya fito kamar bakin wuƙa.

A ta biyar ne ya buɗe ninkin ya ga abin da ke ciki. Ya daɗe yana kallo. Ya juya ƙugun, ga ƙyallen sunansa da ke kan aljihun kaki, an ɗinke shi ta ciki.

"Kin yanka mini kaki."

"Asu na riga. Ka gode mini."

Bai gode ba. Ya ci gaba da guga, tattara ashirin da huɗu, gumi na ɗiga daga gemu. Da ya gama ya ce ta ɗaga ya gani. Ta ɗaga a karkace.

"Ba a gane tattara a hannu," ya ce. "Sai a jiki."

"To bari in ɗaura."

"Ke? Zai ja ƙasa ki ɓata mini aiki. Kawo."

Ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Nora ta tashi za ta bi, Safara'u ta riƙe mata abaya. Suka kasa kunne. Shiru, shiru, sai ƙwas. Can kuma ƙwas.

Ya fito. Ya taka zuwa kicin ya dawo, yana leƙen bayansa.

"Ta buɗe?"

"Ta ina? Falon nan taku uku ne. Ni kuma idona sai daga nesa."

Daidai nan aka kira la'asar. Ma'aruf ya tsaya yana kallon ƙofa. Ya sunkuya a hankali kamar mai cire takalmi, ya ɗago, ya taɓa ƙugiyar. Tana nan.

"Ki tsaya a taga," ya ce. "Ki duba mini ta bayan nan, ina zargin ta bakwai."

Ta tsaya a taga. Ya sauka layi, sanda gaba, ƙafa baya. Mahmudu mai bakala, wato kantin layin, abokinsa tun na yarinta, ya leƙo daga kanti ya ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Ya Abu Nora, an sake kiranku aiki ne? Wace runduna ce wannan?"

"Wadda ba ta ɗaukar masu tumbi."

Mahmudu ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya jawo ta ya rufe, ya bi shi a gefen hagu.

In ya jefa ƙafar dama, tattara ta buɗe, launin soja ya leƙo ya koma. Ta hagu ba ta buɗewa, takun gajere ne. Safara'u ta ga ya waiga ya lura. Wajen kwanar masallaci ta ga ya tsaya, ya cije, ya jefa ta hagun da nisa. Ninki ɗaya ya buɗe.

Nora na goge ido. "Goggo, ta bakwan ta karkace da gaske?"

"Ita da ta sha tara. Gobe ma sai ya fita mun duba."