Zanen Kabarin Ina Wila

Loni ta ɗaga murfin kwandon ganyen giginya ta ga wayam. Ta zura hannu har ƙasa, sai busasshen ganyen da ake sawa don korar ƙwari.

"Kaka, ina zanenki?"

Kakarta, Ina Wila, na zaune a bakin ƙofa tana kurɓar ruwan zumar giginya, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. "Kawunki ya ara. Jirgin ruwan baƙi 'yan yawon buɗe ido ya iso."

"Ya ara? Zanen da za a naɗe ki da shi?"

"Ya ce kafin rana ta faɗi zai dawo da shi. Ke dai tun da kika dawo daga makaranta a birnin Kupang komai sai kin ɗaga murya."

A tsibirin Sabu na ƙasar Indonesiya mace ba ta ɗaura zanen da ta ga dama. Adon jikinsa na dangin uwarta ne, kuma da shi ake naɗe ta ranar da ta mutu, don iyayenta mata da suka riga ta su gane tasu ce su karɓe ta. Ina Wila ta kaɗa zaren wannan da hannunta, ta ɗaure shi, ta tsoma a baba har ya yi baƙi wuluk, tun idonta na gani sosai. Yanzu ko zare ba ta iya zura wa allura. In wannan ya tafi, babu wani.

Loni ta bi hanyar bakin teku. A bayan gidan Kawu Riwu hayaƙi ya tare ta. Sababbin zannuwan da ya saro a kasuwa ne aka shanya a kan wutar ɓawon kwakwa, bayan an jiƙa su a ruwan shayi an turmusa su a ƙasa, don su yi kama da kayan kakanni. Matan da ke juya su duk sun iya saƙa. Suka ɗaga mata hannu suna dariya. Ta toshe hanci ta wuce.

A kan yashi an kafa rumfa. 'Yan mata na rawa, kowacce ɗaure da jan zane, har da waɗanda ta san danginsu masu baƙin zane ne, saboda wai ja ya fi fitowa a hoto. Dattawan gari na zaune a inuwa suna taunar ƙwayar da ke rina baki ja, suna tofarwa. Ba wanda ya hana.

Sai ta hango zanen kakarta. An shimfiɗa shi a kan teburin baƙi. Farantan gasasshen kifi a kansa, da kwalabe masu naso. Wata baƙuwa mai faffaɗar hula ta tsame yatsunta daga miyar barkono, ta duba ba ta ga tsumma ba, ta goge a gefensa, daidai kan adon dangin su Loni. 

Kawu Riwu, ƙanin mahaifiyarta, shi ne mai kula da harkar baƙi a garin. Ya taho da sauri, baki har kunne.

"A'a, malama 'yar boko! Kin zo taya mu aiki?"

"Kawu, zanen kabarin uwarka ne ka yi tebur da shi?"

"Sassauta murya. Ai ba ta mutu ba tukuna."

"In ta mutu gobe fa?"

"Sai mu wanke. Ke, baƙuwar can ta ce tana son sa, ta rataya a falonta. In ta ɗauka, ga zannuwa cike da ɗaki, mu naɗe tsohuwa da mai kyau."

"Na hayaƙin? Masu adon dangin wasu? Wa zai karɓe ta can?"

"Ikon Allah! Ke da kike zuwa coci da takalmi mai tsini, yau ke ce mai kare kakanni?"

Wani dattijo ya tofar da jan yawu. "'Yar nan, bar shi. Baƙi ba kullum suke zuwa ba."

Loni ta je ta kama gefen zanen da hannu biyu ta fizga. Faranti suka tarwatse, kwalabe suka gangara, kan kifi ya faɗa a cinyar mai hula. Masu ganga suka tsaya. Wasu baƙin suka ɗaga wayoyinsu, a zatonsu wannan ma cikin wasan ne. Ta naɗe zanen a ƙirji, man kifi na bin hannunta, ta juya gida. Kawu na biye da ita yana zagi.

Ina Wila ta karɓi zanen ta shafa shi a hankali, ta kai hanci. Loni ta gaya mata abin da Kawu ya faɗa.

"Riwu, ashe sayarwa za ka yi?"

"Inna, yarinyar nan ta kunyata gari..."

"Loni, ɗaga ni."

Loni ta ɗaga ta. Tsohuwa ta kwance zanen jikinta, ta ɗaura na kabarin, da maiƙonsa da ƙarninsa. Ba a taɓa ganin mai rai da shi ba. Matan da suka biyo su suka ja da baya, wata ta rufe ido.

"Daga yau a jikina zai zauna," in ji Ina Wila. "Mai son sa, sai ya zo ya tuɓe uwarsa."

Loni ta ji hawaye na ƙona mata ido. Zanen ya tsira, amma sai da kakarta ta shiga likkafaninta da ranta, a gaban gari guda da ya zuba ido.

Kawu Riwu ya tsaya yana kallon uwarsa. Loni ta ɗauka kunya ce ta kama shi. Sai ya waiga wajen teku, inda jirgin bai tashi ba tukuna, ya matso ya rage murya.

"Inna, tunda kin riga kin ɗaura... in kawo su su ɗauki hoto?"