Karkataccen Tayil

Kwana huɗu suka rage a miƙa makullin gidan ga wanda ya saya, amma tsohon nan ba abin da ya dame shi sai ruwa. Falo ya cika da kwalaye, an sauke labule, an naɗe kafet an jingine a lungu, shi kuwa yana can bayan gida a kan kujerar roba, ya zuba wa kwamin iyo ido.

'Yarsa ta leƙo ta tagar kicin. Ta haifi uku, amma har yau Auta yake ce mata.

"Baba, don Allah ka zo ka zaɓi abin da za ka ɗauka cikin kayan aikinka. Ɗakin da na ware maka ba zai ci wannan tarkacen duka ba."

"Tarkace? Da tarkacen nan kika yi karatu."

"Na ji, na gode. Ka dai taso."

Ko motsi bai yi ba.

Shekara arba'in ya yi yana sa tayil a gidajen mutane, kuma mutum ne da in layi ya kauce da faɗin gashi sai ya ɓamɓare bango guda ya sake. Abokan aiki Mai Lebul suke kiransa, da sunan ma'aunin nan na daidaita gini, don ko shayi zai sha sai ya gyara wa kofin zama. Da hannunsa ya gina kwamin nan, ba don alfahari ba, don matarsa. Gwiwoyi suka matsa mata, likita ya ce ta riƙa tafiya a cikin ruwa, ita kuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta je ta jiƙe a gaban jama'a ba. Sai ya tsayar da ita a jikin bango, ya ja layi da fensir daidai kafaɗarta, ya ce nan ne iyakar zurfin. Gajeriya yake ce mata, ita kuma in ta so tsokana ta ce masa Injiniya.

To, a ƙarshen aikin sai shuɗin tayil ya gaza da ƙwaya ɗaya tak, can wajen zurfin. Ya bar gurbin, ya tafi wani aiki na kwana biyu da niyyar ya sayo. Kafin ya dawo, baiwar Allah ta kwaɓa siminti a kwanon wanke-wanke, ta ɗauko ragowar tayil ɗin kicin, rawaya shar, ta danna shi a gurbin. A karkace. Kusurwa ɗaya ta ɗago sama, kuma siminti ya riga ya kama.

Ranar ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ya ɗauko guduma, ta tsaya a kan tayil ɗin da ƙafa biyu ta riƙe ƙugu.

"Taɓa shi ka gani. Gidan nan duk aikinka ne, wannan ɗaya nawa ne."

Shekara ashirin da biyu yana tuntuɓe da kusurwar nan duk sanda ya shiga ya riƙe mata hannu, yana rantsuwa gobe zai cire shi, tana dariya har ruwa ya shiga mata hanci. Da ta rasu, shekara biyu ke nan, ya kashe injin, ya ja tamfol ya rufe kwamin, bai ƙara bi ta wajen ba.

Sai makon jiya ya ji wanda ya sayi gidan yana gaya wa wani a waya cewa ramin nan za a cike shi da ƙasa a yi wurin ajiye mota. Washegari ya yaye tamfol ɗin, ya tarar da ruwa kore fatau, har da 'ya'yan kwaɗi. Shi dai so yake ya ga tayil ɗin nan sau ɗaya kafin a binne shi. Ya sayo bokitin kilorin, maganin tsabtace ruwa, ya juye duka, ya sa gora ya gauraya. Koren ya mutu kam, amma ruwan ya koma fari kamar ruwan wanki, ko matakala ta biyu ba a gani.

Auta ce ta kira mai gyaran ruwa washegari. Ya iso a tsohon babur, da tiyo a naɗe a kafaɗa da akwatin 'yan kwalabe. Shi ma furfura ta fara cin gemunsa, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya ɗebi ruwan a kwalba, ya ɗiga wani abu, ya ɗaga ta sama, ya yi salati.

"Baba, wa ya zuba maganin nan?"

"Ni."

"Kai, sannu da ƙoƙari! Wannan ai ko mota aka jefa sai ta yi fari."

"Gyara na kira ka yi, ba wa'azi ba."

"Ni na kira shi," in ji Auta. "Malam, ba za a iya zubar da ruwan kawai ba? Abu ɗaya yake son gani a ƙasa."

Mai gyaran ruwa ya ce bututun fita lungun maƙwabta yake zuba, in aka saki wannan ruwan duka sai an kwashe yaran unguwa a kwale-kwale. Tsohon ma ya girgiza kai. In babu ruwa, karkataccen tayil ne kawai, irin wanda zai kori ɗan koyo a kansa. Amma da ruwa a sama, in rana ta faɗo masa, rawa yake yi. Haka ya saba ganinsa, kusa da ƙafafun matarsa.

"To, akwai hanya," in ji mai gyaran ruwa. "Alif za mu sa. Shi zai tattaro dattin nan ya kai shi ƙasa. Amma da sharaɗi. In na narka shi na zuba, injin ya juya shi awa biyu, sai a kashe. Daga nan kwana guda cur, kada kowa ya taɓa ruwan nan. Ko tsinke. In ya kwanta, ni zan zo in zuƙe shi da tiyo a hankali."

"Kwana guda? Ina da kwanakin da zan yi ta rabawa?"

"Baba, ruwa ba ya jin tsawa."

Aka yi yadda ya ce. Injin da ya shekara biyu a kwance ya yi tari, ya yi gardama, sannan ya kama. Ƙarar da ya cika bayan gidan da ita ta sa tsohon ya juya wajen ƙofar kicin, don da wannan ƙarar matarsa take fitowa da tawul a kafaɗa tana mitar ruwan ya yi sanyi. Auta ce a ƙofar, riƙe da kwalin cokula. Ya mayar da kansa.

Kashegari da safe ya fito da shayinsa. Dattin ya kwanta a ƙasa kamar auduga, ya rufe tayil ɗin duka. Ya durƙusa, ya ƙanƙance ido, bai ga komai ba. Zuciya ta ce masa, ai ka san wurin, ɗan share shi kawai za ka yi. Kowa ya san wannan zuciyar, ita ce mai sa a buɗe tukunya kafin ta nuna. Ya ɗauko gorar, ya zura, ya ɗan kaɗa. Nan take abin ya tashi buuu, ya bazu ko'ina, aikin jiya ya koma jiya.

Da mai gyaran ruwa ya zo ya gani, sai ya ajiye tiyonsa ya zauna a kan bokiti.

"Wa ya taɓa?"

"Iska ce."

"Iska mai gora? Ga ta can a jiƙe, Baba."

Auta ta fito ta tarar da su. Haƙurinta ya ƙare, ga gajiyar kwashe kaya, ga aikin asibiti da ta baro wa abokiyar aikinta.

"Haba Baba! Kwana biyu suka rage. Motar kaya za ta zo jibi da safe. Kullum sai ka ce ƙwan lantarki ya dishe, gilashin taga ya yi datti, an rage wa jarida tawada. Na ce mu je a duba idon nan, ka ƙi. Yanzu kuma ruwa. Me ke cikin ruwan nan da ya fi mu?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Yana murza hularsa a gwiwa.

"Hotunanta duk kin sa a kwali, za su bi mu. Kayanta kun raba. Wannan ne kaɗai ba ya ɗaukuwa. Ina kewar uwarki, Auta. Ban san inda zan kai abin ba."

Bai taɓa faɗa da baki ba sai ranar. Auta ta koma kicin da sauri, aka ji famfo yana zuba ba a wanke komai. Mai gyaran ruwa, wanda ba a raba shi da magana, ya tashi shiru ya ƙara narka ɗan alif. Da zai tafi ya ɗaure gorar a bayan babur ɗinsa.

"Wannan aronta zan yi. Sai gobe war haka."

Yinin nan tsohon ya yi shi a kujera, hannuwa a ƙarƙashin cinya. Ganye ya faɗo daga bishiyar maƙwabta, ya yunƙura zai cire, ya tuna, ya koma ya zauna. Ya kori tsuntsayen da suka zo sha. Auta ta kawo masa akwatin kayan aikinsa har nan, ya zaɓi lebul ɗinsa da cokalin gini ɗaya da ya cinye gefe, ya ce sauran a bai wa duk wanda zai mora. Ita ma ba ta ƙara ce masa ya taso ba.

Ranar ƙarshe mai gyaran ruwa ya zo da hantsi. Ya haɗa tiyo, ya zura kan zuƙar a ruwa kamar mai tsoron ta da jariri, ya fara ja. Taku ɗaya, ya tsaya. Taku ɗaya, ya tsaya. Duk inda kan ya bi sai shuɗin layi ya fito a bayansa. Awa uku yana abu ɗaya, gumi har gemu. Wajen azahar ya kashe injin, ya miƙe, bayansa ya yi ƙara.

Ruwan ya yi garau. Rana ta ratsa shi har ƙasa, kuma can wajen zurfin ga ɗan rawayan nan a karkace yana rawa. Auta ta dafe baki.

"Ga shi can! Baba, ga shi can, wallahi!"

Tsohon ya matso bakin kwamin. Ya sunkuya, ya goge ido da bakin riga, ya sake sunkuyawa. Sannan ya juyo a fusace.

"Wasa kuke yi da ni? Ai har yanzu da saura. Fari ne fat. Malam, wannan ne aikin da ka yini kana yi?"

Mai gyaran ruwa ya buɗe baki zai kare kansa, Auta ta ɗaga masa hannu. Ta zo gaban mahaifinta, ta juya fuskarsa wajen haske, ta duba idanun yadda take duba na marasa lafiya. Yanar da ta daɗe tana zargi tana nan, ta yi kauri a duka biyun.

"Baba," ta ce a hankali, "ruwan ya washe. Ko allura aka jefa zan gan ta. Idon ne."

Ashe kwana huɗun nan yana faɗa da ruwa, rabin hazon a fuskarsa yake ɗauke da shi.

"Ana cirewa," in ji ta. "Aikin minti kaɗan ne. Wata mai zuwa za ka ga har ƙwayar yashi."

"Wata mai zuwa mota ce a nan."

Auta ta ciro waya ta ce bari ta ɗauka masa hoto, ya gani bayan aikin. Ya ce ta ɗauka. Amma kafin ta gama saita wayar, ya cire takalmansa ya jera su daidai da juna, ya ɗora hularsa a kansu, ya kama ƙarfen matakala.

"Baba, da kayanka? Ruwan da sanyi fa!"

"Haka uwarki take cewa."

Ya sauka. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, rigar ta kumbura ta kwanta. Ya fara jan ƙafa a ƙasa yana ƙirga layi da baki, don shi ya jera su, ɗaya bayan ɗaya. Sumul, sumul, ko'ina sumul, aikin Mai Lebul ba inda ƙafa za ta kama. A layi na sha huɗu, ruwa a ƙirjinsa, daidai inda kafaɗarta take tsayawa, babban yatsansa ya daki kusurwa.

"Wash!" ya ce, kamar kullum.

Sai ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya ɗora tafin ƙafarsa a kan tayil ɗin, ya bi gefensa da yatsa, ya sake bi. Da ta kafa shi daidai yadda ya so, da yau ya wuce ta kansa bai sani ba.

"Gajeriya," ya ce da ruwan, "wannan aiki naki bai yi ba sam."

Mai gyaran ruwa ya juya baya yana naɗe tiyon da ya riga ya naɗe. Auta ta ajiye wayar, ta shiga gida ta yage kwalin da ta liƙe da safe, ta zaro tawul. Ta dawo ta zauna a bakin matakala da shi a cinya, ba ta ce masa ya fito ba.