Agogon Kuwait a Sohag

Sabri yana saukowa daga jirgi ya sake duba agogon hannunsa, karo na nawa ke nan, Allah kaɗai ya sani. Biyu da rabi.

Da asuba yayansa Abdul'ati ya kira shi can Kuwait, inda yake aikin birkila shekara huɗu ke nan bai leƙo gida ba. Mahaifiyarsu ta rasu.

"Ku jira ni, Yaya. Awa uku ce kacal a jirgi."

"Ana idar da La'asar za mu kai ta, ƙarfe uku. Ka san mutanenmu ba sa ajiye gawa. In ka iso, ka iso."

Jirgin ya tashi sha ɗaya da rabi, ya cinye awa ukunsa cif. Layin duba fasfo ya ci rabin awa. Waya ta mutu tun a sama. Da ya fito ƙofar filin jirgin Sohag, a kudancin Masar, agogo ya nuna uku daidai, ga ƙauyensu tafiyar awa guda a mota. Bawan Allah sai ya zube kan jakarsa, ya fashe da kuka kamar yaro. Abin tausayi, wallahi.

Wani dattijon direban tasi, Girgis, mai zanen gicciye a wuyan hannu, ya tsaya a kansa yana kurɓar shayi.

"Kai, ƙato da kai! Jakarka aka sace ko matarka ce ta gudu?"

"Uwata ake binnewa yanzu, Baba. Ƙarfe uku."

Girgis ya ajiye kofin. Ya kamo hannun Sabri, ya leƙa agogon, ya ja tsaki.

"Daga ina?"

"Kuwait."

"Na sani! Kullum sai na kwashi irinku. Kun dawo da jiki, kun bar agogo a can. Ɗana, yanzu biyu ta yi a Masar. Kuwait ta fi mu da awa guda a lokacin sanyi. Ni da ba na salla ma na san ladaninku bai ko yi alwala ba. Tashi!"

Motar tsohuwa ce, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma ranar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Gonakin rake suna wucewa, Girgis yana ta danna ham yana zagin masu jakuna.

Suna shiga ƙauyen, aka fito da makara daga masallaci. Abdul'ati ne a gaba, ta dama. Ya hango ƙanensa, ya zame kafaɗarsa, Sabri ya sa tasa.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Agogon hannunsa, da ke riƙe da katakon, yana nuna huɗu da minti biyar.